Daga Tenerife Zuwa Marseille: Tarihin Auna Hankalin Biri

A 1913 Wolfgang Köhler, masanin halayya Bajamushe, ya karɓi ragamar tashar binciken birai da ke tsibirin Tenerife. Ya koya wa kaji da birin cimfanzi zaɓen mafi duhu cikin launuka biyu masu ruwan toka. Da ya kawo wani da ya fi su duhu, sai dabbobin suka bar wanda suka saba da shi suka nufi sabon. Ashe dangantakar da ke tsakanin launukan suka riƙe. A ganina nan ne asalin hujjar cewa kwatanta abu da abu ya girmi harshen ɗan Adam.

Masu ja suna da abin faɗa. A 1937 Kenneth Spence ya nuna cewa sabo kaɗai na iya haifar da wannan zaɓi, kuma a 1983 David Premack ya ce sai birin da aka koya wa alamomi ke gane dangantaka tsakanin dangantaka biyu. Amma a 2001 Joël Fagot da abokan aikinsa a Marseille suka sami gwaggon biri yana yin haka a allon kwamfuta, ko da yake sai bayan dubban gwaji, alhali mutum kan gane da wuri. Tushen ɗaya ne, harshe ne ya ba mu sauri da zurfi.