Tukwici: Daga Wuri Zuwa Tiransifa

A Las Vegas ta Amurka, wanda ya ci wasan karta yakan jefa wa mai rabon karta dala guda. Ba doka ba ce, amma da wannan ihsani mai rabon yake rufa wa kansa asiri, don albashinsa bai taka kara ya karya ba.

Mu a nan caca ba ta taɓa samun wannan daraja ba. Kakanninmu sun yi ta da wuri kafin karta ta zo, kuma da Jigawa ta ƙaddamar da Shari'a a 2000 sai ta koma ɓoye. Abin da muka raya shi ne tukwici.

A da, in Sarkin Kazaure ya aika wa hakimin Roni ko wani babba a Gwiwa riga, ɗan aiken ba ya komawa hannu rabbana. Tukwicin shaida ce cewa saƙo ya isa, kuma yawansa na nuna yadda aka ɗauki mai aikowa. Rage shi raini ne ga sarki, ba ga bawansa ba. Haka yaron da ya kai tuwon sallah maƙwabta a Babura, haka matan da suka kai lefe. Shi ya sa muke cewa yaba kyauta tukwici.

Wuri ya ba kwabo wuri, sule ya ba naira a 1973, al'adar ba ta girgiza ba. Tiransifa ce ta taɓa ta. Yau kyautar kan faɗo ta waya, babu yaron da ya taka sayyada, balle a miƙa masa naira hamsin.