Tsohon Da Ya Je Neman Guduma Ya Tono Dukiyar Romawa

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi, ya rubuto yana cewa ya ji wai a Ingila tsofaffi na yawo gonaki da wata na'ura suna tono zinariya. Shin gaskiya ne, kuma abin da aka tono na wane ne?

AMSA: To Malam, gaskiya ne, sai dai a rage wa labarin gishiri. Ita na'urar sanda ce mai faifai a ƙasa. Kana lilo da ita bisa ƙasa, in ta bi ta kan ƙarfe sai ka ji ƙara a kunne. 'Yar'uwarta ce masu neman zinariya suka yi ta ɗauka zuwa Djado a Nijar a 2014. Asalin yaɗuwarta kuwa yaƙi ne: wani sojan Polan, Jozef Kosacki, ya ƙera irinta a 1941 don gano nakiyoyin da aka binne. Bayan yaƙi ta yi sauƙi ta yi araha, masu ritaya suka mai da ita abin ɗebe kewa da miƙe ƙafa. Yawancinsu kuwa sai su wuni ba su samu komai ba sai ƙusa da gwangwani.

Amma akan dace. Ran 16 ga Nuwamba 1992 wani manomi a ƙauyen Hoxne, cikin lardin Suffolk, ya nemi abokinsa Eric Lawes, dattijo mai dab da shekara 70, ya taimake shi neman gudumarsa da ta ɓace a gona. Na'urar ta yi ƙara, ya tona, sai ga cokulan azurfa da tsabar zinariya. Ya ɗebi kaɗan, sa'an nan ya tsaya. Shi da manomin suka sanar da 'yan sanda da hukumar lardi, domin filin nata ne, manomin haya yake yi.

Wannan tsayawar ita ce muhimmin abin, ni a ganina. Washegari masana suka zo suka kwashe kayan a tsanake, har suka gane cewa cikin akwatin katako aka shirya su. Da ya ci gaba da sara da shebur, da wannan sanin ya bi ruwa. An ƙirga tsabar kuɗi 14,865, 569 daga ciki na zinariya, ga sarƙoƙi da awarwaro, ga tandun azurfa 4 na zuba masoro, wanda a lokacin daga Indiya ake kawo shi. 'Yan kasuwa, ku ji wannan: yawancin kuɗin azurfar an gutsure musu baki, wato an rage musu nauyi amma an bar hoton sarki. Na baya-bayan nan cikinsu an buga su wajen shekara ta 407, daidai lokacin da mulkin Romawa ke watsewa a tsibirin.

Sai batun na wane ne. Kayan dai gidan tarihi na British Museum a London suka tafi. A 1993 aka yi musu kuɗi fam miliyan 1 da dubu 750, aka biya Lawes. Doka ba ta tilasta masa ba wa manomin ko kwabo ba, amma ya raba da shi. A 1996 aka yi sabuwar doka: wanda ya tono irin wannan dukiya dole ya kai rahoto cikin kwana 14, ladan kuma akan raba shi tsakaninsa da mai fili. Ba ka kuma shiga gonar mutum da na'ura sai da izininsa.

Gudumar fa? An same ta daga baya. Ita ma tana can gidan tarihin tare da zinariyar.