Zarra: Sunan da Ya Dace da Mai Shi



Kwanan baya a wani gidan kallon ƙwallo a Gumel na ji wani yaro yana rantsuwa wai ba a taɓa yin mai cin ƙwallo a Laliga ba sai da Messi ya zo. Na ce masa, "Ƙanena, ka san Zarra?" Ya ce, "Zarra ai Hausa ce, Yaya." To, yana da gaskiya, amma da sauran labari.

Bari mu fara da kalmomin. Idan mutumin Sifaniya zai ce wani ya fi sa'o'insa, yakan ce "sobresalir". "Sobre" sama ke nan, "salir" kuma fita. Kun ga daidai da namu "fice" da "fitacce", su ma daga fita suka samo asali. Ɗalibin da ya ci tara ko goma cikin goma, sakamakonsa "sobresaliente". Akwai kuma "destacar", wato mutum ya fita daban a cikin taro.

Sai "pichichi", kalmar da duk ɗan gidan kallo daga Maigatari zuwa Gagarawa ya sani. Asalinta laƙabin mutum ne, Rafael Moreno, ɗan wasan Athletic Bilbao da ya ci ƙwallon farko a filin San Mamés a 1913. Ya mutu a 1922 yana da shekara 29. Daga kakar 1952/53 jaridar Marca ta fara ba wanda ya fi zura ƙwallo kyauta da sunansa.

Wa ya fara karɓa? Telmo Zarra, shi ma ɗan Bilbao. An haife shi a 1921, cikakken sunansa Zarraonandia, sunan ƙabilar Bask ne, ba ruwansa da Hausa. Amma dai suna ya bi jiki. Sau 6 yana zama kan gaba a cin ƙwallo, ya zura 251 a Laliga, kuma shi ya ci ƙwallon da Sifaniya ta doke Ingila da ita a gasar kofin duniya ta 1950. Sai a Nuwamba 2014 Messi ya wuce adadinsa, a wasa da Sevilla, kusan shekara 60 bayan Zarra ya bar ƙungiyar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mun san 251 ɗin nan ne saboda wani ya zauna ya rubuta. Mu ma muna da kalmomin: gwani, gangaran, zakaran gwajin dafi. To ina sunayen? Wane ɗan kokawa ne ya gagari kowa a Sule Tankarkar zamanin kakanninmu? Idan akwai dattijo a gidanku, ku tambaye shi yau, ku rubuto mana.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.