Daga Kwalejin Katsina Zuwa Wayar Hannu: Ina Muka Bar Ƙ, Ɗ da Ɓ?

Wannan makon a birnin Katsina za mu yada zango.

A 1921 aka buɗe Kwalejin Horar da Malamai ta Katsina, Gwamna Hugh Clifford ya zo bikin buɗewar a 1922. Aikinta shi ne yaye malaman da za su koyar a makarantun lardunan Arewa. Daga baya ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya, inda ta zama Barewa. Mun fi tuna ta da Sardauna da Tafawa Ɓalewa, amma mu masu alƙalami akwai abin da ya fi wannan shafar mu.

Da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, su wa suka amsa kira? Malaman aji. Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, a kwalejin ya yi karatu, kuma yana koyarwa a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta shi. Wansa Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, malami ne a kwalejin. Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, ɗalibinta ne. Mutanen da suka san inda yaro ke tuntuɓe a karatu su ne suka fara rubuta mana littafi.

Fasahar zamaninsu injin ɗab'i ce, kuma ba don Hausa aka ƙera ta ba. An daɗe ana dabara, wasu su ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu su maƙala alama a gefensa, kafin a tsaya kan masu lanƙwasa a shekarun 1930. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, da ajujuwan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 suka kai su ƙauyuka. Da aka fara UPE a 1976, malamai suka yi ƙaranci, sai aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna, tana horar da su daga nesa da darussa a takarda.

Yanzu darasin ya koma waya. Ɗalibin NCE a Katsina yana karɓar darasi ta WhatsApp, kuma Hausar da ya fi karantawa kullum ba ta littafi ba ce, tamu ce ta Facebook. A nan gizo ke saƙar. Muna rubuta "baki" muna nufin "baƙi", "kafa" a maimakon "ƙafa", "ya bata" ba a san kyauta aka yi ko ɓarna ba. (Har cikin zauren nan muna yi, kada mu yaudari kanmu.) Wannan ɗalibin gobe shi zai tsaya gaban allo da yara 'yan aji ɗaya, abin da idonsa ya saba gani shi hannunsa zai rubuta musu.

Da can muna da uzuri, wayoyin farko ba su da haruffan. Yau Gboard na da Hausa, sanya ta ba ya cin minti biyu. Daga mako mai zuwa, duk labarin da za a turo nan mu duba lanƙwasarsa kafin mu duba jigonsa.