Kuyangin da Kirari Ya Tsallake

Idan maroƙi ya tashi jero sarakunan Adar a ƙofar fadar Illela, daga Agabba yake farawa, ɗan Sarkin Agadas da ya ci ƙasar wajen 1674. Sunaye na zuwa bi da bi, kowa da kirarinsa. Kuyangar da ta yi sammako ta daka geron furar sarkin, da baran da ya ɗebo wa dokinsa harawa, ba su cikin jerin.

Wajen neman tarihin irin waɗannan barori, masu bincike a Danmak sun taki sa'a. Tun 1832 doka ta tilasta wa ɗan aikin gida riƙe ɗan littafin da ubangidansa ke rubuta halinsa a ciki, sai 1921 aka soke. Mu nan babu wannan. Faransa ta hana bauta a 1905, shekara shida bayan hafsoshinta Voulet da Chanoine sun ƙona Birnin Ƙonni, amma kwamandojinta ba su son ɓatawa da sarakunan da ke tara musu haraji. Sai rahotanninsu suka daina cewa bayi, suka koma cewa barori. Suna ya sake, turmi na nan.

A 1975 Djibo Hamani ya fitar da tarihin Adar kafin zuwan Turawa, Nicole Echard kuma ta rubuta na manoman ƙasar. Aiki ne babba, amma a ganina zaure aka shiga, ba a kai madafa ba.

Shari'a ce ta buɗe cikin gida. An kafa ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta a 1991, dokar hukunta bauta ta zo a 2003. Sannan ga Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana shekara 12 kan sefa 240,000, ta zama wahaya: ba sadaki, ba ɗaurin aure, sai daka da ɗiban ruwa da shimfiɗa. Da ta samu takardar 'yanci ta auri wanda take so, kotun Ƙonni ta yanke mata wata shida, wai ta yi aure kan aure. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta ce gwamnatin Nijar ta kasa kare ta, ta kuma umurci gwamnatin ta biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Bayan haka masu bincike suka riƙa zama a kan tabarma da matan kansu. Rahoton Galy Kadir Abdelkader da Moussa Zangaou na 2012 ya tattara bakin wahayu na yankin Tawa, har da waɗanda aka sa wa munduwar tagulla mai nauyi a ƙafa don kowa ya bambanta su da matan aure.