Yadda Mai Hoton Biki Ya Yi Tsada Bayan Hoto Ya Zama Kyauta

Idan aka zauna lissafin biki yanzu a Kano ko Kaduna ko Abuja, da an gama da lefe da kayan ɗaki da kuɗin wurin taro, sai a zo kan mai hoto. A gidaje da dama abin da zai karɓa ya ninka sadakin amaryar, manyan cikinsu kuwa maganar miliyoyi suke yi. Abin ɗaure kai shi ne wannan tsada ta zo ne a zamanin da kowane ɗan biki yake da kyamara a aljihu, yana iya ɗaukar hoto ɗari bai kashe ko sisi ba. Kafin a gane yadda aka yi haka, sai an duba abin da ake biya wa kuɗin tun asali.

A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto ta Louis Daguerre a Faransa. Hoton yana fitowa ne a kan farantin tagulla da aka shafe da azurfa, ƙwaya ɗaya tak, babu halin a sake wanke wani daga jikinsa. Ko Sarauniya Victoria ta Ingila, da ta yi aure a 1840, ba ta da hoton ranar aurenta. Hotunan da ake yaɗawa ana cewa na bikinta ne, Roger Fenton ne ya ɗauke su a 1854, shekara 14 bayan an watse. Daga baya, da abin ya fara isa ga sauran jama'a, ango da amarya su ne suke zuwa shagon mai hoto, su tsaya ƙyam, a ɗauki ɗaya ko biyu, su biya su tafi. Kayan aikin sun yi nauyin da ba a yawo da su gidan biki.

Kamfanin Kodak na Amurka ne ya fara sauƙaƙa lamarin. A 1888 ya fitar da kyamara ta dala 25 da fim ɗin hoto 100 a cikinta. In ya ƙare sai a mayar wa kamfanin, a biya dala 10, ya wanke ya kuma saka sabon fim. A 1900 sai ga Brownie a kan dala ɗaya. Duk da haka ƙa'idar ba ta canza ba, kowane danna maɓalli kuɗi ne.

Da wannan ƙa'ida sana'ar ta bunƙasa a Afirka ta Yamma. Solomon Alonge ya buɗe shagonsa a Benin a 1942, Seydou Keïta ya buɗe nasa a Bamako a 1948. Keïta ya shahara da ɗaukar mutum sau ɗaya kacal, don kada fim ya tafi a banza, kuma yana ajiye rediyo da agogo da tabarau da babur waɗanda mai zuwa zai ara ya fito da su. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon albam a gidansu ya san irin wannan hoto: labule mai zane a baya, furen roba a kan tebur, amarya ta ɗora hannu a gwiwa ba ta murmushi. A biranen Arewa da yawa daga masu hoton farko 'yan Kudu ne mazauna Sabon Gari, kuma a gidajen da ake kulle ba kowane miji yake yarda namiji baƙo ya shigo ya ɗauki iyalinsa ba. Ga kuma saɓanin malamai kan halaccin hoton kansa. Shi ya sa iyayenmu da kakanninmu da yawa suka yi aure babu hoto ko ɗaya, ba su kuma ji an rage musu komai ba.

Zamanin fim mai launi, wanda ke cin hoto 24 ko 36, shi ne ya shigo da mai hoto tsakiyar taro. Lissafinsa a fili yake: fim nawa za a saya, kati nawa za a wanke, babba ko ƙarami. Mai biki yana iya cewa fim biyu kawai ya iya, shi ke nan an rufe magana. A wannan zamani ne kuma aka sami masu hoton da ba a gayyata ba. Su shigo kamu ko wuni, su yi ta ɗaukar mata da ankonsu, su ruga wurin wanki, kafin magariba sun dawo sun baje katunan a ƙasa bakin ƙofa. Wadda ta ga nata ta biya ta ɗauka, wadda ba ta da kuɗi ta bar fuskarta a hannun baƙo. A ganina ba a taɓa yin tsarin da ya fi wannan sauƙi ga mai biki ba, domin baƙinsa ne suke raba nauyin a tsakaninsu. Sannan bidiyo ya zo da kaset, a shekarun da fim ɗin Turmin Danya na 1990 ya buɗe wa finafinan Hausa hanya, aka ƙara layi na biyu a lissafi.

Wani injiniyan Kodak, Steve Sasson, shi ya haɗa kyamarar farko marar fim a 1975, kuma irin wannan kyamara ce ta durƙusar da kamfanin har ya bayyana karyewarsa a 2012. A Nijeriya layukan wayar salula sun zo a 2001, wayoyi masu kyamara suka biyo baya. Hankali zai ba mutum cewa mai hoto ya gama yawo.

Akasin haka aka gani. Tunda kowa yana iya ɗaukar hoto, sai mai sana'ar ya koma sayar da abin da waya ba ta iyawa: fitilu, gilasan kyamara masu tsada, jirgi marar matuƙi da ke shawagi a kan taro, da kwanakin da zai yi a gaban kwamfuta yana gyaran fata da launi. Ya daina kirga kati, ya koma kirga kwana da yawan taro. Biki kuwa ya ƙara tsawo. Ga kamu, ga sa lalle, ga ɗaurin aure, ga walima, ga dina, ga kai amarya, a gabansu duka kuma ga hotunan kafin aure, waɗanda malamai suka sha yin wa'azi a kansu amma ba su ragu ba. Kowanne yana son mutum biyu ko uku a bakin aiki. Instagram, da aka buɗe a 2010, ya canza masu kallo. Da albam yana zama a ɗakin amarya, ƙawaye da dangi su buɗe. Yanzu hoton zai isa gaban dubban mutanen da ba su san ma'auratan ba, kuma a gefen na 'ya'yan gwamnoni za a ajiye shi a gwada.

A yi wa masu hoton adalci, ba duka kuɗin ne riba ba. Babu kyamara ko fitila ko batirin da ake ƙerawa a nan, duk da dala ake shigo da su. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, wanda da shi ake zuwa wurin biki, da shi ake tayar da janareta a yi gyara.

Inda nake da ƙorafi shi ne abin da ake miƙa wa ma'aurata a ƙarshe. Wanda ya biya kuɗin fim biyu a 1995 ya karɓi kati saba'in da wani abu, kuma da yawansu suna nan cikin akwati har yau, ko da gefensu ya yi ja. Na yanzu ana turo masa hotuna ɗaruruwa ta intanet ko a ɗan filas, waya ta faɗa ruwa, filas ya ɓata a wajen tashi daga gidan haya, mai hoton kuma ya goge nasa don ya sami wurin bikin mako mai zuwa. Albam na takarda, wanda da shi ne ainihin abin da ake saye, yanzu a wurin masu hoto da yawa sai an ƙara kuɗi daban, kuma shi ake fara sokewa idan lissafi ya ƙi fita.