Yadda ake tsare ƙofar shiga na'urar suwic

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina amfani da takarda da fensir a jarrabawar shiga manyan makarantu a Nijeriya, ta koma kan kwamfuta baki ɗaya, bayan ta soma gwada tsarin a 2013.

Wannan ne ya sa aka samu cibiyoyin rubuta jarrabawar a garuruwa irin su Funtuwa da Malumfashi, inda 'ya'yan manoman masara da auduga daga Bakori da Ɗanja da Kafur ke zuwa neman gurbin karatu.

Hukumar na sharɗanta wa cibiya kwamfutoci aƙalla 250, a haɗe da juna ta waya. Abin da ke haɗa su shi ne na'urar da ma'aikata ke kira suwic, wani akwati ne mai kafofi 24 ko 48 da ake soka wayoyi a ciki. Ke nan cibiya guda na bukatar aƙalla shida daga cikin masu kafa 48.

Irin wannan na'ura ce kuma ake samu a rassan bankuna da asibitoci da sakatariyar ƙananan hukumomi.

Me ake nufi da ƙofar shiga?

Suwic iri biyu ne. Akwai wanda ba a saita shi, da zarar an jona shi da wuta sai ya kama aiki. Akwai kuma wanda jami'i ke shiga cikinsa ya ba shi umarni, kamar mafi yawan na kamfanonin Cisco da Huawei da ake gani a ma'aikatu.

Duk wanda ya samu shiga na biyun yana iya rufe kafar kowace kwamfuta, ko ya raba su rukuni-rukuni, ko ma ya sa na'urar ta riƙa kwafo masa duk bayanan da ke bi ta wata kafa. A cibiyar jarrabawa, hakan na iya tsayar da ɗalibai ana tsakiyar rubutu. A banki kuwa sirrin masu ajiya ne ke cikin haɗari.

Hanyoyin shiga

Hanya ta farko ita ce kafar konsol, wadda ke jikin na'urar. Jami'i kan haɗa ta da kwamfutarsa da wata waya ta musamman, galibi a saurin bit 9,600 a daƙiƙa. Ba ta bukatar intanet ko adireshi, amma dole mutum ya tsaya a gaban na'urar.

Ta biyu ita ce Telnet, wadda aka ƙirƙiro a Amurka a 1969. Tana ba da damar shiga daga nesa, sai dai tana aika kalmar sirri a fili, ta yadda mai sauraren layin zai karanta ta.

Ta uku ita ce SSH. Wani mai bincike ɗan ƙasar Finlan, Tatu Ylönen, ne ya rubuta ta a 1995, bayan an saci kalmomin sirri a jami'arsa da ke kusa da Helsinki. Tana cuɗanya bayanan yadda babu mai fahimtarsu sai ɓangarorin biyu. An fitar da ƙa'idojin siga ta biyu a 2006, kuma ita ake shawartar a yi amfani da ita.

Ta huɗu shafi ne da ake buɗewa kamar na intanet. Ya fi sauƙi ga sabon shiga, amma shi ma yana da nasa haɗarin.

Matakan saitawa

Ana farawa ne ta kafar konsol, tunda sabuwar na'ura yawanci ba ta san adireshin wurin da aka kawo ta ba.

Da farko a raɗa mata suna da zai nuna inda take, domin kada jami'i ya rufe ta wani ɗaki bisa kuskure.

Sai a sauya kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani. A na'urorin Cisco, umarnin enable secret ne ke kulle matakin da ake sauya saiti, kuma yana ajiye kalmar a cuɗe, saɓanin tsohon umarnin enable password. Ya kyautu kowane jami'i ya mallaki sunansa da kalmarsa, domin a san wanda ya yi mene ne, a kuma soke nasa ranar da ya bar aiki.

Bayan nan a ware wa harkar kulawa rukuni na daban, wato VLAN. Na'urar na zuwa ne da dukkan kafofinta a rukuni na 1. Idan aka bar adireshin kulawa a nan, kwamfutar kowane ɗalibi na iya ƙwanƙwasa ƙofar. A sabon rukunin ne ake ba na'urar adireshinta, a kuma nuna mata mashigar da za ta bi idan jami'in na wani reshe.

Daga nan a ƙirƙiri makullin sirri, a kunna SSH siga ta biyu, a rufe Telnet. Umarnin transport input ssh ne ke yin wannan a Cisco. Shafin intanet ɗin ma a kashe shi muddin ba a amfani da shi.

Ana kuma rubuta jerin adireshin kwamfutocin da aka yarda su shigo, a sa na'urar ta fitar da mutum idan ya yi 'yan mintoci bai taɓa komai ba, a toshe kafofin da babu waya a cikinsu.

Mataki na ƙarshe shi ne adanawa. A na'urori da dama sabon saiti na zama ne a ma'ajiyar wucin gadi, wadda ke gogewa idan aka ɗauke wuta. Wanda bai ba da umarnin copy running-config startup-config ba, da an tashi janareta zai tarar na'urar ta koma yadda take jiya, ƙofarta a buɗe.

Abin da sakaci ya jawo

A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa bin na'urori a intanet tana gwada kalmomin sirrin kamfani kusan 60 ta hanyar Telnet. Da dubban na'urorin da ta kama aka kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari a watan Oktoba na shekarar, abin da ya hana jama'a da dama shiga Twitter da Netflix.

A Oktoban 2023 kuma Cisco ya sanar da wata ɓaraka a shafin kulawa na manhajarsa ta IOS XE. Masu kutse sun shiga dubban na'urorin da aka bar shafin nasu a buɗe ga intanet.

A Nijeriya, dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗauri ko tara ga wanda ya kutsa cikin na'urar wani ba da izini ba.

Darasin 2021

Kulle ƙofa da kyau ba ya nufin mai gida ya rasa ta shiga. A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi. An shafe kimanin watanni uku kafin a maido da su a waɗannan garuruwa.

Suwic ba ya dogara da layin wayar salula wajen haɗa kwamfutocin cikin gini. Amma jami'in da ya saba shiga daga Kano ko Kaduna ta intanet ɗin kamfanonin waya ba shi da hanya a irin wannan hali. Abin da ke saura shi ne shiga daga cikin ginin, kamar ta kafar konsol.

Don haka kowace cibiya na bukatar wayar konsol a ajiye, da mutum na kusa da ya iya amfani da ita, da kwafin saitin a wani wuri amintacce.

Haka nan ɗakin da na'urar take ya kasance a kulle, domin a yawancin na'urori wanda ya kai hannunsa gare su yana iya kashe su ya kunna, ya bi hanyar da kamfani ya tanada ya tsallake kalmar sirrin.